Wayoyin da Ke Riƙe da Makomar Ɗalibai

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta jingine takarda da fensir, ta koma yin jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta kaɗai, wasu kayan da a da sai a banki ko babban ofis ake ganin su suka bazu a garuruwan Nijeriya.

Duk wanda ya leƙa cibiyar jarrabawa zai ga kwamfutoci jere reras, kowace da kebul ɗinta a baya. Waɗannan wayoyi suna bin bango cikin bututun roba har su tarar da suwic, wani akwati mai ramuka 24 ko 48 da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa. Shi ne ke rarraba saƙo tsakanin kwamfutocin da babbar kwamfutar da ake kira saba, inda tambayoyin suke. Rauta kuwa ita ce ƙofar da ke haɗa cibiyar da waje.

Dalilin yaɗuwar a fili yake. Hukumar na neman kwamfuta 250 a cibiya kafin ta amince da ita, ga masu zana jarrabawar sun kai kimanin miliyan 2 a shekara. 'Yan kasuwa da makarantu suka ga hanyar samu, matasa kuma suka koyi ja da haɗa kebul, sana'a ta samu. Satar amsa ta ragu, sakamako yana fitowa cikin kwanaki.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Kayan nan daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar naira ta sa wasu masu cibiyoyi sayen kebul mara inganci. Zafi da ƙurar hunturu suna kashe suwic, ɗaukewar wuta na tsayar da komai. A 2025, matsalar saba ta shafi cibiyoyi 157 a Legas da kudu maso gabas, aka nemi ɗalibai kusan 380,000 su sake zana jarrabawar, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zub da hawaye yana neman afuwa.

Yanzu da hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suka kama wannan hanya, wajibi ne gwamnatocin jihohi su kai cibiyoyi masu kayan kirki da wutar sola ƙananan hukumomi, domin har yau yaran karkara na yin doguwar tafiya kafin su zauna gaban kwamfuta.