Naman Kaza a Tsakar Gida: Abin da Takarda Za Ta Gaya Miki

 

Uwargida, idan ruwan Agusta ya zauna, za ki wayi gari ki ga naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, ya tsiro a gindin katanga ko kusa da turke. Ke kin san ba abin ci ba ne, amma mai rarrafe fa? Komai ya samu sai baki.

To, akwai dabarar da masana ke bi su gane irinsa, kuma ba sai kin fita ba. A ƙarƙashin laimar akwai tsage-tsage, a nan irinsa yake, mai laushi kamar ƙura. Ki tsinke sandar, ki kifa laimar a kan takarda, rabi a kan fara, rabi a kan baƙa, don farar ƙura ba ta fitowa a farar takarda. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a bayanta, ki rufe da kwano, ki ɗora inda hannun yara bai kai ba, sannan ki wanke hannu da sabulu. Da safe ki ɗaga a hankali, za ki tarar da zane kamar sifokin keke. Launin nan shi ne shaida.

In kika ga kore-kore, wannan mai guba ne. Fari ne babba mai dabbare-dabbare, yana sa amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3. Wanda ke fitowa a jikin suri, da ake ci a ƙasashen Afirka da dama, nasa ruwan hoda ne. Amma ki ji ni da kyau: launi kaɗai ba ya halatta ci. Akwai masu farar ƙura da ke lalata hanta, ba sa nuna alama sai bayan awa 6 ko fiye, kuma dahuwa ba ta kashe gubarsu.

Idan yaro ya ci, Allah Ya kiyaye, kada ki tsaya jiran takarda, kada ki ce manja ko madara sun isa. Ki aika a kira maigida nan take, a kai shi asibiti mafi kusa, in ta kama a wuce Gusau. Ki naɗe ragowar a takarda, ba leda ba, don leda tana ruɓar da shi, a tafi wa likita da ita. In dama kin taɓa ɗaukar zanen irin da ke fitowa a gidanki, a haɗa da shi.

Kullum da safe, kafin ki sauke yaro, ki zaga tsakar gida ki tuge abin da ya tsiro. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.