Jarrabawar shiga karatun kasuwanci: abin da ya kamata ku sani

A unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa na Kaduna akwai gidajen da a da ba a dogon tunani kan makomar yaro. In ya gama makaranta sai a nema masa aiki a masaƙa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta UNTL ta biyo baya a 1964, Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a 1975. Daga 2002 da KTL ta rufe, sauran masaƙun suka yi ta durƙushewa. Yau jikokin waɗancan ma'aikata saye da sayarwa suka sa gaba, kuma da yawansu na son haɗawa da takarda: aikin akanta, harkar banki, ko gudanar da kasuwanci. Kafin ɗayansu ya haye gada zuwa kwalejin kasuwanci ta Kaduna Polytechnic da ke Unguwar Rimi, ko jami'ar jiha ta KASU, ko ya wuce ABU Zariya, sai ya bi ta jarrabawar JAMB.

Iyaye kan tambaya, yaron da ya ci WAEC ko NECO me zai sa a sake gwada shi? Dalili na farko yawa ne. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka rubuta jarrabawar, kujerun aji kuwa ba su kai haka ba. Na biyu shi ne yarda. Sakamakon sakandare daga makarantu dubbai yake fitowa, wasu na tsare gaskiya, wasu kuwa kowa ya san yadda kiredit ke samuwa a can. Mai sayen hatsi a kasuwar Sabon Tasha ba ya yarda kowane ɗan kasuwa ya auna masa da kwanon gidansu, mudun da kowa ya sani yake nema. JAMB ita ce mudun. Ɗan makarantar gwamnati a Narayi da ɗan makarantar kuɗi a Barnawa manhaja ɗaya ake tambayarsu, lokaci ɗaya ake ba su, bayan an tantance yatsun kowa a ƙofa, kuma kwamfutar da ke duba amsa ba ta san ɗan wane ba.

An kafa hukumar a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama UTME, daga 2015 kuma aka koma kwamfuta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400. Turanci dole ne ga kowa. Mai neman akanta ko gudanar da kasuwanci yawanci Lissafi da ilimin tattalin arziki ake nema daga gare shi, sai darasi guda da zai cike. Duk shekara ana samun yaran da suka ci maki mai kyau amma suka rasa gurbi saboda sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin ba, alhali kundin JAMB ya bayyana abin da kowace makaranta ke so.

Lissafin nan shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya. Yara da yawa kan zaɓi ajin kasuwanci a sakandare don gudun lissafi, sai su tarar da shi yana jiransu a gaba. Ba mugunta ce ta sa aka ajiye shi a wurin ba. Wanda ya saro kaya a naira 8,000 ya sayar a 10,000, ribarsa kashi 25 ce in an auna da kuɗin sari, kashi 20 in an auna da kuɗin sayarwa. Ɗalibin da wannan bambanci ke rikita shi zai sha wuya tun zangon farko, inda ake zancen kuɗin ruwa, da faɗuwar darajar kayan aiki, da daidaita littafin shiga da fita. Malaman sashen sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke son ganin makin tun kafin yaro ya zauna a aji.

Akwai wani ruɗi da ke cutar yara. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga kwalejojin kimiyya da fasaha. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace makaranta tana da damar ɗaga nata, sassan da ake rububi kamar akanta kuma sukan ɗaga sosai, sannan ga tantancewar da jami'a ke yi da kanta. A sakamakon farko na shekarar, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, wato wanda ya haura 200 ya wuce kusan uku cikin kowane huɗu. Jami'o'in tarayya na raba gurbi kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi. Ɗan Kaduna yana da rabo a ABU ta wannan tsari, amma a cikin kowane kaso ma da maki ake jera mutane. Tun 2017 kuma duk gurbi na gaskiya ta shafin CAPS na JAMB yake bi. Wanda aka ce ya kawo kuɗi a shigar da shi ta bayan gida, ya sani matsalar tana iya ɓullo masa ranar tafiya hidimar ƙasa.

Ga wanda ya riga ya yi digiri yana neman digiri na biyu a kasuwanci, wato MBA, labarin ya ɗan bambanta. Yawancin jami'o'inmu darajar digirin farko da takardar hidimar ƙasa suke dubawa, wasu su ƙara da gwajin kansu. Manyan makarantun Amurka da Turai kuwa GMAT ko GRE suka saba nema. GMAT ta samo asali a 1954. Sabon tsarinta na ƙarshen 2023 awa biyu da minti 15 ne, kashi uku: lissafi, fahimtar rubutu, da nazarin bayanai, maki daga 205 zuwa 805. Tana kuma bin sawun mai rubutawa, in ya amsa daidai tambaya ta gaba ta ƙara tsauri. Amfaninta a gare mu a fili yake. Jami'in da ke zaune a Landan bai san nauyin digirin KASU ko na ABU ba, amma ya san ma'anar makin GMAT, kuma makarantu da dama na duba shi wajen rabon tallafin karatu. Kuɗinta ya haura dala 250, sakamakon yana aiki shekara biyar. Wasu makarantun sun sassauta sharaɗin tun lokacin korona, don haka a duba kafin a biya.

Ba a ce jarrabawa ta san komai ba. Ba ta auna iya ciniki, ba ta auna riƙon amana, kuma akwai hajiyoyi a kasuwa da za su koya wa mai MBA yadda ake juya jari. Hukumar JAMB ma takan yi kuskure: a 2025 matsalar na'ura ta sa aka nemi kusan mutum 380,000 a Legas da kudu maso gabas su sake rubutawa, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba kuma yana shiga ɗakin da nauyi biyu. Duk da haka, in aka cire jarrabawar abin da zai maye gurbinta shi ne wasiƙar babban mutum, ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa kuwa ba shi da ita.

Iyaye, rajista takan buɗe a farkon shekara. Kafin lokacin ku tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa a lambar NIN sun yi daidai da na takardun makaranta, ku duba kundin JAMB tare da shi, ku sa shi ya yi jarrabawar gwaji a kan kwamfuta. In kuɗin lesin na darasi ɗaya kawai kuke da shi, ku biya na Lissafi.