WAƘA DA HIKIMA A ƘASAR RUMA DA SAFANA

Tsakanin Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana ta Yariman Katsina, akwai ƙauyuka masu yawa da suka jingina da dajin Rugu. A shekarun 2019 da 2020 ɓarayin daji sun tsananta ɓarna a wannan yanki, har a watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar. Jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa cikin Batsari da birnin Katsina. An yi lissafin rayuka da shanu da rumbunan da aka rasa, amma akwai wata hasara wadda ba ta shiga lissafi ba, watau zauren malami. In zaure ya watse, karatun da ke cikinsa yakan bi shi.

A irin wannan zaure ne ake tambayoyi uku waɗanda suka dami masu hankali tun fil azal: mene ne rai, mene ne so, mene ne zamani. Larabawa suna kiran binciken irin waɗannan al'amura falsafa, ko hikima. Malamai da yawa sun yi ɗari-ɗari da ita tun da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa ma'abotanta raddi. Duk da haka shi kansa bai yar da manɗiƙi ba, watau ilmin auna hujja. Malaman ƙasar Katsina kuwa sun gane cewa hikima kaya ce mai nauyi, waƙa ita ce jakin da ke kai ta kasuwa. Shaihu Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya tsara manɗiƙi a baitoci cikin Manhul Ƙuddusi, sa'an nan ya yi masa sharhi da kansa.

Zancen rai, ko manyan masu falsafa sai da suka nemi taimakon waƙa a kansa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta manyan littattafai a kan rai, amma abin da ya fi zama a bakin almajirai ita ce ƙasidarsa wadda ya kamanta rai da kurciyar da ta sauko daga sama ta baƙunci jiki. Hujja tana gamsar da hankali, misali kuwa yana zama a zuciya.

Zancen so, jagoransa a ƙasar Hausa ita ce Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1230. Baiti ashirin ya yi wa kowane harafi cikin begen Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi, domin ya san bege ba tare da fahimta ba murya ce kawai. Mai sharhi yana tambayar dalilin so da sharaɗinsa da alamarsa, wannan kuwa aikin mai hikima ne.

Zamani kuma fuska biyu gare shi a wajen malamai. Akwai zamanin da ake ƙirgawa: taurari 28, kowane da kwana 13, sai guda mai 14, jimla kwana 365. An sa wannan lissafi a waƙa domin manomi ya san lokacin shuka, falke ya san lokacin fita. Akwai kuma zamanin da ke cin mutum, shi ne wanda waƙoƙin wa'azi suke tunatarwa, kamar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990. Wanda ya kwana da garke ya wayi gari ba ko ɗan maraƙi, ba ya bukatar a fassara masa juyin zamani. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa abin da ba ya juyawa.

To, a nan amfanin waƙa yake bayyana. Littafi yakan ƙone tare da ɗaki, amma baitin da aka haddace yana gudu tare da mai shi. Sai dai baiti kaɗai yake tsira, sharhinsa yana ƙirjin malami. Yaro zai iya rera Ishiriniya daga alifi har ƙarshe alhali bai san abin da take nufi ba, ya zama kamar mai kora jaki da mangala ba kaya.

Saboda haka nauyi yana kan mutum biyu. Malamin da ya yi ƙaura ya buɗe zaure inda ya sauka, kada ya biya wa almajiri baiti sai tare da ma'anarsa. Attajiri kuma ya tuna cewa tabarma da fitila da ɗan abin cefanen malami suna cikin sadaka mai gudana. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasar Ruma da Safana. Amin.