Mai Gyaran Garmaho a Kaura Namoda

Bayan da layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya a 1929, gyaɗa da auduga sun riƙa tafiya kudu, kayan kanti su hauro. Duk kayan da ke da inji kuwa wata rana sai ya nemi mai gyara. Cikin masu gyaran rediyo na wannan yanki, dattawan ne suka san garmaho ciki da bai.

Babban kayan aikinsu kunne ne, dalma da sukuddireba daga baya suke. Faifan roba ko dai ya yi zagaye 45 a minti, ko 33 da sulusi, irin manyan nan da kamfanin Columbia ya fito da su a 1948. Bel ya saki kaɗan, sai muryar Shata a faifan EMI ta yi nauyi, kalangu ya riƙa jan ƙafa. Gwani tun daga bakin rumfa zai gane bel ne, ba sifika ba. Allura kuma in ta dakushe ba sauti kaɗai take ɓatawa ba, cin layin faifan take yi, abin da ta cinye kuwa ya tafi ke nan. Kafin gwani ya ɗora faifai kuma sai ya goge shi da tattausan ƙyalle, yana bin zagayen. Ƙurar hunturu ke kawo ƙaras-ƙaras, zafin bazara ya lanƙwasa faifan da aka jingina kusa da kwano.

Masu cewa faifai ya fi komai daɗin sauti suna da rabin gaskiya. Lafiyayyen faifai a kan tsohuwar amfilifaya da manyan sifiku na katako yana fito da gindin kiɗa yadda sifikar waya ba za ta iya ba. To amma yawancin yabon na sifikun ne, ba na faifan ba.

Kaset, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, shi ya fara rage wa masu gyaran garmaho ciniki, memori ya ƙarasa. Yau a kasuwar Shinkafi waƙoƙin Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi tura su ake yi cikin waya, da shuuu ɗin tsohon ɗauka a jikinsu. Rumfunan gyaran kuwa fitilar sola da caja sun fi yawa a kan teburinsu.