Sili Ɗaya Ƙwale: Yadda Ake Tace Zakara

A kowace shekara 'yan wasan tanis 128 ne ke shiga gasar maza ta Wimbledon a Landan, kuma cikin mako biyu an gama. Da kowa zai kara da kowa, sai an buga wasanni 8,128. Tsarin sili ɗaya ƙwale ya mayar da su 127, domin kowane wasa mutum ɗaya yake kora gida, kuma mutum 127 ake son sallama. Zakara wasa bakwai kacal yake ci.

Kowane zagaye raba jama'a biyu yake yi: 128 su koma 64, su koma 32, har a zo kan mutum biyu a wasan ƙarshe. Idan adadin bai dace da wannan rabo ba, sai a ɗaga wa wasu ƙafa. A gasa mai ƙungiyoyi 12, huɗu za su zauna su huta, takwas su fafata, huɗun da suka tsira su iske su. Canjaras ba ya nan. A ƙwallon ƙafa ƙarin lokaci da bugun fenariti ne ke raba gardama.

Sai dai tsarin yana da tabo. Tun 1883 Charles Dodgson, malamin lissafi a Oxford wanda aka fi sani da Lewis Carroll, ya koka cewa gwani na biyu yana iya haɗuwa da na ɗaya tun zagayen farko ya fice, wani mai sa'a ya tafi da kyautar azurfa. Maganin da masu shirya gasa suka samo shi ne raba manya tun wajen fitar da jadawali. Wimbledon tana ware gwanaye 32, ta ɗora na ɗaya a can sama, na biyu a can ƙasa, yadda ba za su ga juna ba sai ranar ƙarshe. Adalci ne, amma har da lissafin kasuwa, don ba mai son taurari su kori juna tun kafin 'yan kallo su cika fili.

Kofin FA na Ingila, wanda aka fara a 1871, bai yarda da wannan gata ba. Ƙuri'a ake jefawa kowane zagaye, duk wanda ta haɗa ka da shi sai ka shirya. A 2013 Wigan ta doke Manchester City da ci 1-0 ta ɗauki kofin, bayan 'yan kwanaki kuma ta faɗo daga Firimiya.

Masoyan Super Eagles ma sun ɗanɗana ɗacin tsarin. A gasar kofin Afirka da aka kammala a Fabrairun 2024, Najeriya ta ci Kwaddibuwa mai masaukin baƙi a rukuni, Ikwatoriyal Gini kuma ta zura wa Kwaddibuwar huɗu da nema. Da ƙyar masu masaukin suka tsallake. Da aka shiga sili ɗaya ƙwale aka shafe tsohon lissafi, suka kori Senegal da Mali da Kongo, sannan suka ci Najeriya 2-1 a Abijan.