Taskace Maganar Rediyo: Manhajojin Kyauta na Ɗaukar Sauti daga Intanet da Amfaninsu ga Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara nazarin Hausa a ilmance, babbar matsalar manazarci ita ce samun magana kamar yadda take fita daga bakin masu ita. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Wanda ya ga kalmar kuka a takarda ba zai san itace ake nufi ko zubar da hawaye ba, sai ya duba jimlar da ta fito ciki. Haka abin yake ga wuya na jiki da wuya ta wahala, ko gari na mazauni da gari na tuwo. Kunne kuwa nan take yake rarrabewa. Don haka muryar da aka ɗauka ta fi rubutu zama hujja ga mai nazarin furuci da karin harshe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ɗaukar shirye-shiryen rediyo daga intanet da manhajojin da ba a biyan ko kwabo, da kuma sharuɗɗan da za su sa abin da aka ɗauka ya karɓu wajen bincike.

2.0 Rediyo a Matsayin Rumbun Harshe

Hausa ta daɗe a kan iska. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sa'an nan Rediyon Faransa a 2007. Bayan waɗannan akwai gidajen jihohi da masu zaman kansu, kamar Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, ga kuma Muryar Sahel ta Yamai. Da yawa daga cikinsu suna sakin shirye-shiryensu ta intanet, ta yadda ɗalibi a Zariya zai saurari Sakkwatanci ko Hausar Damagaram ba tare da ya shiga mota ba.

Sai dai wannan rumbu ba shi da tabbas. Shirin da aka watsa kai tsaye, musamman na kiran waya, sau da yawa ba ya barin sawu. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru bagatatan bayan shekara 46. Wannan ya isa ishara cewa manazarcin da ya dogara ga ajiyar wani gida yana iya wayar gari ba shi da komai a hannu.

3.0 Ma'anar Manhajar Kyauta

Kalmar kyauta a nan tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai manhajar da ake bayarwa ba kuɗi, amma asirin ƙirarta yana hannun kamfani, wanda yake iya janye ta ko ya sa mata farashi. Akwai kuma mai 'yanci, watau wadda aka buɗe rubutun ƙirarta ga kowa ya duba, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ne ya assasa wannan tafarki da shirin GNU a 1983, aka fitar da lasisin GPL a 1989. Manhajojin da za a tattauna a nan duk na kashi na biyu ne, kuma wannan ne ya fi dacewa da jami'a, domin abin da aka koya wa ɗalibi bana zai same shi baɗi.

4.0 Hanyoyin Ɗauka

Rediyon intanet yana zuwa ne a matsayin kwararar bayanai daga wani adireshi, an matse sautin cikin tsarin MP3 ko AAC don ya yi sauƙin tafiya. Hanyoyin kama shi biyu ne.

4.1 Hanya ta farko ita ce naɗar abin da kwamfuta take fitarwa zuwa lasifika. Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fitar a 2000 daga Jami'ar Carnegie Mellon, tana yin wannan aiki. Ba a bukatar sanin adireshin kwararar. Da zarar ana jin shirin, za a iya ɗaukarsa. Illarta ita ce duk ƙarar da na'ura ta yi, ko ta shigowar saƙo ce, za ta faɗa cikin naɗin. Bugu da ƙari, in aka sake adana shi a MP3, an matse sautin sau biyu ke nan.

4.2 Hanya ta biyu ita ce kwafar kwararar kanta daga adireshinta. VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya ta birnin Paris, aka sake ta ƙarƙashin GPL a 2001, tana karɓar adireshi ta ajiye abin da ke shigowa cikin fayil. FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, ita ce ta fi ƙarfi, ko da yake da rubutaccen umurni ake sarrafa ta. In aka ba ta umurnin -c copy, za ta kwafe sautin yadda ya zo ba tare da ta sake matse shi ba, umurnin -t kuwa yana ƙayyade tsawon lokaci. Ana iya haɗa ta da jadawalin aiki na Windows, ko cron na Linux, ta riƙa ɗaukar shirin asuba kullum alhali mai ita yana barci.

Ga mai nazarin furuci, hanya ta biyu ta fi. Dalili kuwa shi ne matsewa tana zubar da wani kaso na sauti, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Hawa da saukar murya sukan tsira, amma ƙananan alamomin da ke bambanta k da ƙ, ko s da ts, suna iya dusashewa in aka maimaita matsewar.

5.0 Lissafin Wuri da Kuɗi

Kwarara mai kilobit 64 a daƙiƙa tana cin megabayit 29 a awa ɗaya, mai 128 kuwa megabayit 58. Ke nan wanda ya ɗauki awa ɗaya kullum a kan 64 zai tara kimanin gigabayit 10 da rabi a shekara, kuma gwargwadon haka zai kashe na data. In aka juya sautin zuwa WAV mai ingancin faifan CD, awa ɗaya za ta haura megabayit 600, amma ingancin bai ƙaru da komai ba. Abin da ya dace shi ne a bar fayil na asali yadda yake, a yanko gutsuren da ake so a juya shi zuwa WAV, sa'an nan a shigar da shi Praat, manhajar awon sauti da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, ko ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen don rubuta magana daidai da lokacin furta ta.

6.0 Sharuɗɗan Karɓuwa

Sautin da ba a san asalinsa ba ba ya zama hujja. Wajibi ne kowane fayil ya zo da sunan gidan rediyo, da sunan shiri, da rana da sa'a, da irin masu magana, da garin da suka ce sun fito. Har ila yau dole a rarrabe nau'o'in magana. Hausar labarai yawanci fassara ce daga Ingilishi ko Faransanci, an rubuta ta kafin a karanta, saboda haka ta fi amfani ga nazarin sababbin kalmomi da tasirin baƙin harsuna. Hausar kiran waya da ta hira da manoma ko 'yan kasuwa ita ce ta fi kusa da maganar yau da kullum, ko da yake wayar tarho tana yanke wani ɓangare na sautin. Wanda ya cakuɗa su zai yanke hukunci a kan Hausar da babu mai yin ta.

Akwai kuma batun haƙƙi. Shirin mallakar gidan da ya watsa shi ne, kuma a Nijeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce take aiki. Ajiya don bincike daban take da sake watsawa ko sayarwa, waɗanda suke bukatar izini. Ladabin bincike kuma ya tanadi a sakaya sunan mai kiran waya idan za a kawo maganarsa a kundi.

7.0 Kammalawa

Manazartan da suka gabace mu da rikoda da kaset suka bi ƙauyuka, abin da suka tara kuwa shi muke ci har yau. Kayan aikin yanzu sun fi sauƙi ƙwarai, abin da ya rage shi ne tsari. Da sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar za su raba aikin, kowane sashe ya ɗauki gidaje biyu ko uku na yankinsa, a yi amfani da tsarin suna iri ɗaya, a ajiye kwafi a wurare biyu saboda matsalar wuta da lalacewar na'ura, da cikin shekara biyar an sami taskar da za ta nuna yadda kare-karen Hausa suke sauyawa. Kowace ranar da ta wuce ba a ɗauka ba, maganarta ta tafi ke nan. Da sanyin safiya akan kama fara.