Gonakin inabin Kef Tawun: abin da ya kamata ku sani kafin ku biya kuɗin mota

Wanda ya je Kef Tawun a Afirka ta Kudu, da wuya ya kwana biyu ba a tallata masa zagayen gonakin inabi ba. A hoto duwatsu za ku gani da korayen gonaki. Ainihin shirin kuwa shi ne a bi da ku gidajen da ake matse inabi ana yin giya, a zuba muku kaɗan-kaɗan ku ɗanɗana, wanda ya yaba ya sayi kwalba. Musulmi ya san hukuncin giya, saboda haka tun kafin ya ba da kuɗinsa ya tambayi abin da ke cikin tafiyar.

Sana'ar ta daɗe. A watan Fabrairun 1659 Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin Holan, ya rubuta cewa an matse giyar farko a yankin. Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch a 1679, ya mallaki gonar Constantia a 1685, sannan Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka iso a 1688 suka zauna Franschhoek. A 1971 manoman Stellenbosch suka haɗa gonakinsu a hanya guda domin baƙi. Garin na da tazarar kimanin kilomita 50 daga Kef Tawun, kuma daga Janairu zuwa Maris ake tsinkar inabi.

Abin da takardun talla ba su cika faɗa ba shi ne wane ne ya yi wahalar. Bayi ne suka share gonakin nan, waɗanda aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik. An soke bauta a 1834, amma sai 1838 suka samu kansu. Ko bayan nan, iyayen gida sun ci gaba da biyan leburori wani kaso na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop. Doka ta hana shi a wajajen 1960, amma ya yi ta tafiya a ɓoye har shekarun 1990. Har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haifar yaran da giya ta illata tun suna ciki. Wannan kaɗai ya isa mutum ya shiga wurin da nutsuwa.

Cikin waɗanda aka kawo da ƙarfi har da malaman Musulunci. Shaihu Yusuf na Makassar, wanda Turawan Holan suka kora daga ƙasarsa, ya iso a 1694, ya rasu a 1699, kabarinsa na nan a wurin da yanzu ake kira Macassar. Na Shaihu Abdurrahman Matebe Shah kuwa yana bakin gonar Klein Constantia, Musulmin gari na ziyartarsa.

A ganina, tarihin nan ya cancanci tafiyar ko da mutum bai kusanci kofi ba. Tsohon gidan gonar Groot Constantia ya zama gidan tarihi, ana shiga a kalla. Wurin cin abinci kuwa ku tambaya, domin ana sa giya a wasu miya, naman alade ma ba ya wuya a faranti. Abincin halal ya fi samuwa a cikin gari, musamman unguwar Bo-Kaap. Idan kun ɗauki ɗan rakiya, ku gaya masa tun da safe cewa gidan tarihi da kaburburan malamai kuke son gani.